Makullin But ɗin Mota da Ƙararrawar Tsaro: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Motar hakimi ba ta zama wuri ɗaya. Yau tana Gwangwan, gobe tana Rogo, jibi an kira taro a fadar Karaye, wadda aka sake kafa masarautarta a 2024 bisa ƙasar Karaye da Rogo. A but ɗinta ake zuba takardun ofis da kayan tafiya, saboda haka masu motoci da yawa sukan sa a ɗaura musu ƙararrawar tsaro, wadda makanikai ke kira sikuriti. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne makullin but da ƙararrawar nan a haɗe suke, in ɗaya ya sami matsala sai ɗayan ya ɗauki laifi.

Makullin kashi biyu ne. Akwai ƙugiya mai sifirin, akwai kuma lanƙwasasshen ƙarfe wanda take cafkewa, an ɗaure shi da noti. A ƙasa irin ta Rogo abu biyu ke ɓata shi, watau ƙura da gargada. Ƙurar hunturu takan gauraya da tsohon giris ta daskare kamar yumɓu, har ƙugiya ta kasa juyawa. Maganin wannan a wanke da kananzir, a bari ya bushe, sa'an nan a shafa giris kaɗan. In an cika shi, wata ƙurar zai tara. Gargada kuwa takan sassauta noti, ƙarfen ya goce daga mazauninsa. Direba yana iya rarrabe su da kansa: ya buɗe but, ya danna ƙugiyar da sukudireba. In ta kama, ya ja abin buɗewa ta saki, to lafiyarta lau, ƙarfen ne ya goce, sai a mayar da shi inda tsohon shatinsa ya nuna a ɗaure. Buga murfi da ƙarfi, kamar yadda direbobi suka saba, ba ya gyara kome, lanƙwasa shi yake yi.

Motocin da ake buɗe but ɗinsu da rimot suna da nasu ciwo. In an danna ba a ji motsi ba, a fara duba fiyus. In fiyus bai ƙone ba, a duba wayoyin da suka bi ta wajen maganar murfi, cikin robar da ta lulluɓe su. Nan ne suke lanƙwashewa duk sa'ad da aka buɗe aka rufe, kuma sau da yawa tagullar takan tsinke a ciki alhali bayanta yana nan kamar sabo.

To, a jikin makullin ko kusa da shi akwai ɗan makunni wanda ke kashe fitilar but in murfi ya rufu. Shi ne kuma ke shaida wa ƙararrawa cewa but a rufe yake. Idan murfi bai zauna sosai ba, ƙararrawa za ta ɗauka an buɗe, ta tashi unguwa da tsakar dare, a tsine wa wanda ya ɗaura ta, shi kuwa ba ruwansa. Fitilar ma tana ci a ɓoye. Ƙwai mai wat 5 a mota mai bolt 12 yana jan kusan rabin ampiya, abin da zai kwantar da batir mai ƙarfin ampiya 60 sarai cikin kwana shida, kuma tun kafin nan mota za ta ƙi tashi. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: a kunna bidiyon wayar hannu, a ajiye ta cikin but, a rufe, a buɗe a duba. Motar da ke a kashe bai kamata ta ja abin da ya wuce miliampiya 50 da yawa ba, makaniki yana iya aunawa da mita.

Game da ɗaura ƙararrawa, lalle ne a cire kan batir na ƙasa kafin a taɓa waya. A sa fiyus kusa da inda aka ɗauki wuta, gama wayar da ba ta da fiyus in ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Haɗi kuma a yi shi da dalma. Wanda aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif ba ya jure zafin bazara. Wayoyi masu rawayar riga na jakar iska ne, ba a yankansu ko gwada su. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne inda za a yanke don hana ɓarawo tayar da mota. Wayar sitata ita ta fi aminci. In aka yanke ta famfon mai, ranar da na'urar ta lalace inji yana iya mutuwa ana cikin gudu, sitiyari da burki su yi nauyi. Ya kamata malamin hakimi ya rubuta a littafin mota ranar da aka yi aikin, da wanda ya yi, da inda aka ɓoye fiyus da maɓallin kashe ƙararrawa, domin direba yakan bar aiki ya tafi da saninsa.

Saura batu ɗaya wanda ya shafi rai. But ba ya buɗuwa daga ciki a tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, kuma yara sukan shiga wasan ɓuya. A Amurka yara 11 suka mutu ta haka cikin watannin Yuli da Agusta na 1998, har gwamnatin ƙasar ta wajabta, daga Satumba 2001, a sa abin buɗewa daga ciki a sababbin motoci masu but. Yawanci ɗan mariƙi ne mai haske a duhu. Yawancin motocin da ake shigowa da su daga can suna da shi, sai a gwada shi bayan kowane gyara. Motar da ta lalace aka jingine ta a ƙofar gida kuwa, ya kamata masu unguwa su sa a kulle ta a cire mabuɗi, ko a kwance makullin but ɗin gaba ɗaya.