Ɗan Manomi Da Zaɓen Kwaleji

Kowace shekara idan an kawar da amfanin gona, akan sami manomi a ƙasar Wonaka, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya sayar da buhun dawa ko na wake don ya saya wa ɗansa takardar JAMB. In an tambayi yaron inda ya nufa, sai ya ce, "Zariya." To, amma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, kamar gandu ce mai gonaki da yawa. Wanda bai san wadda zai shiga ba, yana iya ɓata shekara guda da kuɗin ubansa a banza.

Ta wajen aikin gona, jami'ar tana da kwalejoji uku masu ba da difloma. Akan yi shekara 2 a ƙaramar difloma, sa'an nan a ƙara 2 a babba.

Ta farko tana Samaru, kusa da ma'aikatar binciken aikin gona inda ake fid da irin dawa, da masara, da gyaɗa, da wake, da auduga. Waɗannan kuwa su ne abin da ƙasar Gusau ke nomawa. Watau abin da yaro ya koya can, yana iya gwada shi a gonar gidansu da damina.

Ta biyu tana hanyar Mando a Kaduna, ita kuwa ƙarfinta a kan kiwo ne da lafiyar dabbobi. Wanda ya tashi cikin shanu da tumaki, ko yake son turkar raguna da kiwon kaji, nan ya fi dacewa da shi.

Ta uku tana Kabba, a Jihar Kogi. Can ruwan sama ya fi yawa, ƙasar kuwa ta itatuwa ce irin su lemo da kwakwar manja. Yaron da ke niyyar komawa Wonaka ya yi noman hatsi, sai ya yi tunani kafin ya nufi can, sai fa in lambu ne ke ransa.

Ban da waɗannan akwai karatun digiri. Na aikin gona shekara 5 ne, na likitan dabbobi kuwa 6. Ana yin su a Zariya, haka kuma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Abu uku ya kamata uba da ɗa su zauna su auna. Na ɗaya, sakamakon jarrabawa: ana neman kiredit 5, ciki har da Turanci, da lissafi, da kemistiri, mai son likitan dabbobi kuwa lalle sai da fiziks da bayoloji. Na biyu, ƙarfin rumbu: shekara 6 ba shekara 2 ba ce, wanda ya yi difloma kuwa ƙofar digiri ba ta rufe masa ba. Na uku, aikin da yaron zai koma ya yi, don kada ya bi aboki ko sunan wuri kurum.

Kafin a cika takarda, sai a je wurin malamin gona na yanki, ko wani da ya gama ɗaya daga cikin kwalejojin nan, a ji ta bakinsa. Manomin kirki ba ya zuba iri sai ya duba ƙasa, matambayi kuwa ba ya ɓata. Allah ya ba da sa'a.