Kafin ki ƙetare iyaka, ki koyi ƙidayar kuɗin mutanen can

Garin Gaya ƙofa biyu gare shi. Ɗaya ta nufi Malanbil ta ƙasar Benin, a ƙetaren kogin Kwara, ɗaya kuma ta nufi Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Ko a 2023 da aka rufe gadar kogin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 'yan kasuwa ba su zauna ba, sai suka koma shiga kwale-kwale. To amma da yawa suna tafiya da jari a ɗaure cikin zane, babu kalma ko goma ta mutanen can a bakinsu.

A Malanbil babu damuwa sosai, don ana jin Dandanci da Hausa kamar a gida. Haka ake lallaɓawa har Kandi da Paraku. Wahalar tana Kwatano, sama da kilomita 700 daga nan, inda matan da ke sayar da atamfa da gari da manja suka fi sakewa da harshen Fon ko Yarbanci.

Gaisuwa ba ta da tsada. Da Fon a ce "A fon ganji a?", wato kin tashi lafiya, "Nabi we?" shi ne nawa ne. Da Yarbanci kuwa "E kaaro" da "Elo ni?". Mai rumfa za ta yi miki dariya, ba laifi, dariyar nan ita ke buɗe ciniki.

Inda ake asara shi ne ƙidaya. Mu nan da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5. In Bahaushiya ta ce ashirin, ko Bazabarma ta ce "waranka", sefa 100 ake nufi. Ɗari, ko "zangu", sefa 500 ke nan. Matan Fon ba su bi wannan hanya ba. Su da 25 suke ƙirga ƙananan kuɗi, suna ce masa "kpowun", huɗu ne ke yin sefa 100. Jika kuma "caki" ce a wurinsu. Wadda ba ta san haka ba dole ta jingina da ɗan tsakiya, shi kuwa ba don Allah yake fassara ba, ladarsa tana cikin farashin.

Kada a ce Kamba gida ne tunda Hausa ake yi. Can ɗari biyar naira 500 ce cif, alhali a bakin 'yar Gaya ɗari biyar sefa 2.500 ce. Harshe ɗaya, lissafi biyu, ga kuma ɗan canji yana jira.

Faransancin da ake buƙata wajen duwan da jandarma bai fi sunan kaya da adadin buhu ba, yaron da ke makaranta zai iya koya wa uwarsa a dare biyu. Ƙidayar Fon kuwa, a tambayi direbobin kamiyon da ke zuwa Kwatano ko mutanenmu na Zango. In an gama ciniki, a sa mai kaya ta danna farashin a wayar salula, kowa ya gani da idonsa kafin a kwance bakin zane.