Akushi, Faifai da Kula: Shimfiɗar Sallar Kaka a Yola da Jimeta

Sallah tana bin wata ne, don haka babu yanayin da ba ta zagayowa. Daga 2010 zuwa 2014 Babbar Sallah ta faɗo tsakanin Oktoba da Nuwamba, a tsakiyar kaka, kuma irin wannan Sallar ce ta fi yi wa uwargida daɗin hidima. Ruwa ya ɗauke, sabuwar masara da gyaɗa sun shigo gida, yakuwa da kabewa sun cika kasuwar Jimeta. Shanu sun ƙoshi da ciyawar damina, nono da man shanu sun wadata. Kogin Binuwai ya fara ja da baya, masuntan tafkin Geriyo suna fito da tarwaɗa da ƙarfasa.

Tun maza ba su sauko daga Idi ba ake fara shimfiɗa. 'Yan mata su share tsakar gida, su yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a zagaya ɗakuna da kaskon turaren wuta. Tabarmar maza a zaure take, da darduma a jikin bango inda maigida zai jingina. Ta mata da yara tana cikin gida, ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya. A gefe a ajiye buta da tasa, kuma ƙaramin yaro ne zai bi manya ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu ruwan wanke hannu, ya fara da wanda ya fi kowa furfura.

Wanda ya saba ganin teburin Turawa da furanni da kyandir zai ce ai nan babu ado. Adon yana nan, a jikin mazubi da murfinsa yake. Ranar Sallah ne ake buɗe kabet a sauko da kayan jeren da aka kawo amarya da su, waɗanda wataƙila rabonsu da abinci tun Sallar bara: samira mai zanen fure, tangaran, da kuloli saiti guda, babba da ƙannenta. A tsofaffin gidajen Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, akushi bai rasa matsayinsa ba. A goge shi da mai har baƙinsa ya yi sheƙi, a malmala tuwon dattijo a ciki. Nono kuwa sai ƙwarya, kuma Adamawa gidan ƙwarya ce. Matan Fulani da na Yungur da Ga'anda sun shahara da zana ta layi bisa layi, har bayan ƙwaryar ya cika da baƙin zane ba a bar masakar tsinke ba. Sai a ɗora mata faifai mai rinin ja da kore da shunayya, a gicciya ludayi a kai.

Babu abin da zai fito daga madafa a buɗe. Za a ce saboda ƙuda da ƙura ne, kuma gaskiya ne, amma ni a ganina kunya ce ta fi ƙarfi. Bafulatanin Yola ba ya son a ga abin da zai ci, balle a gan shi yana ci. Yarinya ta ɗauko kwano ba murfi, nan take za a ji muryar tsohuwa daga ɗaki: "Ke Adda, koma ki rufe! So kike a ƙirga wa Bappanki tsoka a hanya?" Saboda haka gwanintar mace takan tafi ga murfin, tunda shi ido zai fara gani.

Idan an buɗe, tuwon shinkafa ne ko na sabuwar masara, da miyar yakuwa mai gyaɗa ko ta tafasa, man shanu yana yawo a sama. Ranar farko kayan ciki ake fara taɓawa, soyayyen nama sai washegari. Ga dakkere da kindirmo, ga kuma kunun gyaɗa, wanda ko a Kano aka ambace shi Adamawa ake tunawa.

Zaman ma da tsarinsa. Ba a sa hannu sai babba ya yi bisimilla, kowa ya ci gabansa, yaro ba ya miƙa hannu ga nama sai an ba shi. Suruki ba zai ci a gaban surukinsa ba ko da yunwa za ta kayar da shi, don haka akan kai masa nasa wani ɗaki, a ja labule. Manya kuma ba sa suɗe kwano, sukan rage wa yara.

Rabin abin da aka dafa ma ba a gidan za a ci ba. Da azahar za ka ga yara cikin kayan Sallah an ɗora musu kuloli ɗaure da sabon ƙyalle, wannan na gidan Goggo a Wuro Hausa, wancan na Kawu a Luggere ko Doubeli, a Keke Napep idan tafiyar ta haɗa Yola da Jimeta. A Jimeta, garin kasuwa da ya tara Hausawa da Barebari da Bachama da Ibo, kwanon yakan shiga gidan maƙwabci Kirista, shi kuma ya rama idan Kirsimeti ta zo. Ba a cika maido da kwano wayam ba, ko cincin ne sai an zuba.

Teburin cin abinci ya shigo gidajen ma'aikata a Karewa da Dougirei, da kujeru shida da leda mai fure. Ranar Sallah akan jera kuloli da farantai da lemon kwalba a kansa, a ɗauki hoto a tura wa 'yan uwa ta WhatsApp. Kujeru shida ba za su ɗauki mutum ashirin ba, Dada, tsohuwar gida, kuma ta ce ƙafarta ba ta son lilo. Sai kowa ya zuba nasa a teburin, ya sauko kan kafet ya tanƙwashe ƙafa.