Yadda Jiragen Sama Ke Zaɓen Hanya a Kan Teku: Darasi Daga Tafiyar Masu Hutu Zuwa Hawai

Gabatarwa

A kowace shekara miliyoyin mutane kan bar gidajensu su nufi bakin teku domin hutu da shaƙatawa. Wasu kan je Zanzibar, wasu tsibiran Karibiyan, wasu kuma tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Fasifik. A shekarar 2019 kaɗai, baƙi fiye da miliyan 10 ne suka ziyarci Hawai, kuma kusan dukkansu ta jirgin sama suka isa. Wanda ya taso daga birnin San Francisco na Amurka, kafin ƙafarsa ta taka rairayin Waikiki sai jirgi ya ratsa da shi kimanin kilomita 3,860 a kan ruwa. Wannan tafiya ta ɗara ta Kano zuwa Jidda tsawo, kuma babu ko tudu ɗaya a tsakani wanda jirgi zai iya sauka a kai.

Da can wannan hanya ba ta wasa ba ce. A watan Yuni na 1927 ne wasu hafsoshin sojan Amurka biyu, Maitland da Hegenberger, suka fara ƙetare ta ba tare da yada zango ba, cikin kusan awa 26. Wata biyu bayan haka aka shirya gasar jirage zuwa Hawai, wadda ta ci rayukan mutum 10, kuma jirage biyu kacal suka isa. A yau ana yin tafiyar cikin awa 5 zuwa 6, fasinja na barci ko yana kallon fim. Ingancin injuna ya taimaka, amma ba shi kaɗai ba ne. Kafin kowane jirgi ya tashi, akwai jami'an tsara tafiya da ke zama a ƙasa suna zana masa hanya, suna auna siffar duniya, da iska, da nisan filayen sauka, da numfashin mutanen da ke ciki. Waɗannan su ne za mu duba ɗaya bayan ɗaya.

Siffar duniya da yaudarar taswira

Taswirar duniya da ake ratayewa a bangon aji, galibi tana bin tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569. Duniya kuwa mulmulalliya ce kamar lemo, kuma duk wanda ya gwada shimfiɗa ɓawon lemo a kan tebur ya san sai ya yage ko ya miƙe. Haka taswirar Mercator ke miƙar da yankunan da ke nesa da layin ikwaita, har Girinlan ta yi kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Sabili da haka, miƙaƙƙen layi a kan irin wannan taswira ba shi ne hanya mafi kusa ba. Hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu a bayan ƙasa ita ce wadda masana lissafi ke kira babbar da'ira, wato da'irar da za a samu idan aka yanka duniya gida biyu daidai, wuƙar ta bi ta wuraren nan biyu da kuma cibiyar duniya. Shi ya sa jirgin Landan zuwa Los Angeles ke haurawa ta kan Girinlan da arewacin Kanada, na Niyok zuwa Tokyo kuma ya bi ta wajen Alaska. A taswira sai a ga kamar zagaye suke yi, alhali yanke suka yi. Wannan lissafi ne ma ake fitar da alƙibla da shi. Musulmin da ke Niyok arewa maso gabas yake fuskanta idan zai yi salla, ko da yake taswirar bango na nuna Makka a kudu maso gabas.

Kogin iska

Babbar da'ira mafarin aiki ce kawai, domin jirgi cikin iska yake tafiya, iskar kuma ba a tsaye take ba. A tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, inda jiragen fasinja ke shawagi, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a wani siririn zirin sarari, kamar kogi a cikin kwarinsa. Bambancin zafi tsakanin yankin ikwaita da ƙuryar arewa ko ta kudu, haɗe da juyawar duniya, su ke haddasa ta. Gudunta kan kai kilomita 200 a awa, lokacin sanyi kuma wani zubin ta haura 400. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya gano ta a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan yana bin su da na'urar hange.

Jirgin da ya nufi gabas kan nemi wannan kogi ya shiga, kamar kwalekwalen da ya bi ruwa. Wanda ya nufi yamma kuwa kauce masa yake yi, ko da kaucewar za ta ƙara masa kilomita ɗaruruwa. A 1952 jirgin kamfanin Pan Am ya bi wannan iska daga Tokyo zuwa Honolulu, ya rage tafiyar awa 18 zuwa awa 11 da rabi. A watan Fabrairu na 2020 kuma wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba cin fiye da awa 6. Ribar ba ta lokaci kaɗai ba ce. Mai na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin kamfanonin jirage, kuma kowane kilo ɗaya na man jirgi da ya ƙone yana fitar da kilo 3 da ɗoriya na iskar kabon mai ɗumama duniya. Tunda kogin iska na sauya gurbi kullum, hanyar jiya ba lalle ta zama ta yau ba.

Dokar mintuna

Masu iya magana kan ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga jami'in tsara tafiya ita ce: idan inji ɗaya ya mutu a tsakiyar teku, ina jirgin zai sauka, kuma cikin minti nawa? A 1953 hukumomin Amurka suka kafa doka cewa jirgin fasinja mai inji biyu ba zai yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60, da inji ɗaya, daga wani filin sauka ba. Shi ya sa shekaru da dama jirage masu inji uku ko huɗu ne ke kai masu hutu Hawai, irin su Boeing 707 da 747 da DC-10.

Da injuna suka ƙara inganci, sai aka fito da tsarin da ake kira ETOPS, wanda ke ba jirgi mai inji biyu izinin yin nisa fiye da haka idan ya cika sharuɗɗa. A 1985 aka ba da izinin minti 120, jirgin Boeing 767 na kamfanin TWA ya fara amfani da shi daga Boston zuwa Faris. A 1988 aka kai minti 180, a 2014 kuma jirgin Airbus A350 ya sami izinin minti 370.

Ɗalibi na iya gwada lissafin da kansa. Tsakiyar hanyar Kalifoniya zuwa Hawai na da nisan kimanin kilomita 1,900 daga kowane gefe. A ce jirgi da inji ɗaya yana cin kilomita 750 a awa. Ke nan yana bukatar awa biyu da rabi, wato minti 150 da 'yan kai, kafin ya kai ƙasa. Izinin minti 120 bai isa ba, sai na 180. Samuwar wannan izini ce ta buɗe Hawai ga ƙananan jirage masu inji biyu irin su Boeing 737, waɗanda ba sa shan mai kamar manyan. Izinin kuma ba arha ake samun sa ba. Sai kamfani ya nuna tarihin lafiyar injunansa, ya tanadi na'urar kashe gobara a ɗakin kaya wadda za ta daɗe tana aiki, sannan a guji barin makaniki ɗaya ya yi gyara iri ɗaya a injunan biyu lokaci guda, don kada kuskure ɗaya ya shafe su duka.

Wannan doka ce ta ba wasu wurare masu nisa daraja, kamar Gander a Kanada, Keflavik a Aislan, tsibirin Sal a Kef Bade, da Midway a Fasifik. A ranar 24 ga Agusta, 2001, jirgin Air Transat da ya taso daga Toronto zuwa Lisbon ya yi yoyon mai a kan Tekun Atlantika har injunansa biyu suka tsaya. Matuƙan suka sulalo da shi kimanin kilomita 120 ba inji, suka sauka a filin Lajes da ke tsibiran Azores. Mutum 306 ke ciki, kuma babu wanda ya rasa ransa.

Numfashin ɗan'adam

Jikin fasinja shi ma yana cikin lissafi. A tsayin mita 11,000 kason oksijin a cikin iska bai canza ba, yana nan kashi 21 cikin ɗari, amma matsin iskar bai kai rubu'in na bakin teku ba. Ba tare da isasshen matsi ba, oksijin ba ya ratsa bangon huhu ya shiga jini yadda ya kamata, kuma mutum kan fita hayyacinsa cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba. Don haka ake cusa iska a cikin jirgi, har ya zama kamar mutum na zaune a kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400.

Idan wannan matsi ya zube, takunkumin oksijin da ke faɗowa daga saman kujera na 'yan mintuna ne kawai, gwargwadon yadda matuƙi zai gangaro da jirgi zuwa kimanin mita 3,000, inda mutum ke iya numfashi da kansa. Amma a can ƙasa iska ta fi kauri, jirgi kuma ya fi shan mai ƙwarai. Saboda haka dole jami'in tsara tafiya ya gano wurin da ci gaba da komawa baya suke daidai a lokaci, ya tabbata ko a nan matsalar ta auku, man da ke tanki zai kai jirgin ƙasa yana tafiya a ƙasa-ƙasa.

Hadari da cunkoso

A kewayen ikwaita akwai wani ziri inda iskar arewa da ta kudu ke haɗuwa, su tayar da gizagizan hadari masu tsayin da kan zarce inda jirage ke tafiya. Wannan ziri ne ke haurowa arewa ya kawo mana damina a ƙasar Hausa, ya koma kudu rani ya shigo. Jiragen da ke tsakanin Turai da Kudancin Amurka dole su ratsa shi, matuƙa na duba na'urar hango hadari suna zagaye gizagizan. A ranar 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France daga Rio de Janeiro zuwa Faris ya faɗa teku a wannan yanki da mutum 228. Bincike ya nuna ƙanƙara ce ta toshe bututun auna gudu na ɗan lokaci, matuƙan kuma suka kasa daidaita jirgin. Sai a 2011 aka gano ɓaraguzansa a zurfin kusan mita 4,000.

Bugu da ƙari, jirgi ba shi kaɗai ba ne a sararin sama. Fiye da jirage dubu ke ƙetare arewacin Atlantika kowace rana, kuma na'urar rada da ke ƙasa ba ta hango abin da ya wuce kimanin kilomita 400 daga gaɓa. Don haka sau biyu a rana ake fitar da jerin layuka bisa yadda kogin iska ya kwanta. Cibiyar Gander ke tsara na dare masu zuwa Turai, cibiyar Shanwick da ke Prestwick a Sikotlan kuma ta tsara na rana masu zuwa Amurka. Jiragen Hawai kuwa suna ƙarƙashin kulawar cibiyar Oakland. Tun daga 2019 taurarin ɗan'adam suka fara bayyana wa masu kula da zirga-zirga inda kowane jirgi yake a tsakiyar Atlantika, abin da ya ba da damar rage tazara tsakanin jirage, kowa ya fi samun hanyar da ta dace da shi.

Waɗanda suka riga mu

Tsuntsaye sun daɗe suna fuskantar irin wannan zaɓi. Farar shamuwar Turai, wadda ke zuwa yankin Sahel lokacin sanyin Turai, tana dogara ne da iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ta ɗaga ta sama. Irin wannan iska ba ta samuwa sosai a kan teku, saboda haka ba ta yarda ta ratsa faɗin Bahar Rum. Sai ta zagaya ta mashigin Jibralta ko ta Bosforus, inda ruwa ya fi ƙunci, tamkar jirgin da ke bin dokar minti 60. A ɗaya gefen kuma akwai wani ɗan tsuntsun bakin ruwa da mutanen Hawai ke kira kolea, wanda nauyinsa bai kai gram 200 ba. Yakan tara kitse a Alaska, sannan ya ƙetare fiye da kilomita 4,000 na ruwa zuwa Hawai cikin kwana uku zuwa huɗu ba tare da sauka ba. Kitsen nan shi ne tankin mansa, kuma wanda bai tara isasshe ba, ba ya isa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa hanyar jirgi a kan teku sulhu ce tsakanin kusanci, da iska, da tsaro, kuma idan suka yi karo, tsaro ke rinjaye. Malamai na iya kawo wannan darasi cikin aji da kayan aiki kaɗan. A samo ƙwallon taswirar duniya da zare, a ɗora bakin zaren a Landan, a ja shi tsam zuwa Los Angeles, ɗalibai su rubuta ƙasashen da ya ratsa. Sannan a ja layi da rula tsakanin biranen biyu a taswirar bango, a kwatanta. Daga nan a maimaita da Legas da Atlanta, a nemo tsibiran da ke kusa da zaren, a lissafa minti nawa jirgi mai cin kilomita 750 a awa zai yi kafin ya kai kowannensu. Ɗalibin da ya yi wannan ya taɓa lissafi da labarin ƙasa da kimiyyar halittu a zama ɗaya, kuma irin aikin da ya yi shi ne wanda jami'an tsara tafiya ke yi kowace rana kafin jirgi ya bar ƙasa.