Idan kat-kat ta rasa ƙarfi, ba kullum ba ne inji ya gaji

A tashoshin Damagaram, Tawa da Agadas babu motar da ta kai tsohuwar Land Cruiser farin jini. Ƴan kasuwa suna loda mata buhunan hatsi zuwa Tanut da Abalak. Ma'aikacin da ya samu ɗaya a gwanjon motocin gwamnati ko na furoje kuwa yakan ɗauke ta tamkar gadon da zai bar wa ƴaƴansa. To amma ranar da motar ta soma kasa hawan tudun da ta saba hawa da giya ta uku, hankalin mai ita yakan tashi, domin maganar farko da zai ji a garaji ita ce inji ya gaji, sai an sauke shi. Sauke inji aiki ne na ɗaruruwan jikkuna, kuma sau da yawa ciwon ba can yake ba.

Yawancin waɗannan motoci suna ɗauke da injin 1HZ, wanda Toyota ya fitar a 1990: silinda shida, lita 4,2, ƙarfin doki kimanin 130, ba turbo, ba kwamfuta. Ga motar da ta kai tan biyu tun ba a ɗora mata kaya ba, wannan ƙarfi bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ko kaɗan ya ragu direba zai ji a ƙafarsa. Abu uku injin ke bukata: iska, gazuwal da matsi. Makanike na ƙwarai yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, yana farawa da mai arha.

Kafin ma a buɗe murfin inji, ya kamata a tabbatar cewa injin ne mai laifi. Idan an taka totur a kan tudu, ƙara ta ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, ambiriyaji ne ke sulɓewa, wato abin da a Kano ake kira kuloci. Idan bayan tafiya kaɗan ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi, birki ne ya riƙe. Akwai direban da ya rage wa tayoyi iska don ketare rairayi, ya hau kwalta ya manta bai mayar ba. Waya ta totur ma takan saki, a taka har ƙasa amma famfo bai buɗe duka ba. Gyaranta bai wuce minti biyar ba. Lodi kuwa, wannan magana ce tsakanin mai mota da Allahnsa.

Daga nan sai a dubi hayaƙi, domin shi ne harshen inji. Baƙin hayaƙi na nufin gazuwal ya fi iska yawa. A ƙasarmu, inda hazo ke rufe gari tun daga Disamba har Fabrairu, wanda ake fara tuhuma shi ne matacin iska. A fitar da shi, a zubar da ƙurar da ta taru a gindin gidansa, a busa shi daga ciki zuwa waje. Yaran mota suna da al'adar buga shi a jikin taya, abin da ke yaga takardarsa ba a sani ba. Mafi muni shi ne cire shi gaba ɗaya wai don mota ta numfasa: lalle za ta yi ƙarfi, amma rairayin da za ta haɗiya tsakanin Tanut da Agadas zai kankare silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba. Idan matacin sabo ne kuma baƙin hayaƙi bai daina ba, sai a kai injekta wurin mai gwada su.

Motar da ta rasa ƙarfi ba tare da hayaƙi ba kuwa, yunwa take ji. Takan tashi lafiya, ta yi tafiya lafiya a fili, sai a kan tudu ko cikin rairayi ta shaƙe. A nan matacin gazuwal ne abin dubawa, tare da ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinsa. Ɗan famfon hannu da ke bisansa, idan ya tsufa, yakan bar iska ta shiga, haka ma tiyon da ya tsage. Wani lokaci tankin ne ba ya numfashi: a buɗe murfinsa a ji ya zuƙi iska. Gwajin da ke raba gardama ba ya cin ko dala: a ja tiyo daga bido mai tsabtataccen gazuwal kai tsaye zuwa famfon inji. Idan ƙarfi ya dawo, an wanke inji, ciwon yana tsakanin tanki da mataci.

Tun da matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011, gazuwal na gida ya samu, amma matafiyin daji har yanzu daga duro da bido yake sha, da ruwansu da tsatsarsu. Wanda aka gauraya da kananzir ya fi ɓarna, saboda famfon 1HZ da gazuwal ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi. Kananzir ba shi da wannan maiƙo, sai famfo ya riƙa cin kansa a hankali, kuma alamarsa ita ce mota ta ƙi tashi idan ta yi zafi.

Akwai wata dabara da ya kamata mai mota ya yi hattara da ita. Wasu makanikai sukan murɗa kusar da ke ƙara wa famfo gazuwal, mota ta zabura, mai ita ya biya yana murna. Ciwon na nan inda yake. Abin da aka ƙara shi ne hayaƙi, shan mai da zafi. Zafin nan ne ke fasa kan inji, wato kilas, kuma ba a ƙofar garaji yake fashewa ba, sai an yi nisa da ruwa.

Farin hayaƙi mai yaji a ido yana nuna gazuwal bai ƙone ba: ko lokacin famfo ya goce, ko matsi ya ragu. Shuɗi kuma man inji ne ke ƙonewa. A nan ne kaɗai zancen gajiya ya soma samun gindi, amma ko a nan akwai sauran tambayoyi. Yaushe aka daidaita tazarar bawul? Yaushe aka canza bel ɗin da ke juya sandarsu, wanda a tsofaffin samfura wa'adinsa kilomita 100 000 ne, kuma idan ya tsinke fistin ke karo da bawul? Bayan haka sai awon matsi, silinda bayan silinda, inji yana da ɗumi. Littafin kamfani ya sa kilo 37 a kan santimita murabba'i ga lafiyayyen inji, mafi ƙaranci 27, kuma kada bambanci tsakanin silinda biyu ya wuce 5. Ba kowane garaji ke da na'urar awon ba, amma ana samunta a manyan garuruwa. Mai motar da aka ce a sauke masa inji yana da hakkin ya nemi a rubuta masa lambobin nan shida a takarda kafin a kwance kusa ko ɗaya.