Kiwon ƴan tsaki a gida: sati shida na farko



A wannan lamba za mu yi magana a kan ƴan tsaki. Da yawa daga cikinku suna son su fara kiwon kaji a gida. Wata ta sayi kaza da kuɗin adashi, wani yaro kawunsa ya ba shi, wani kuma ya ga ƴan tsaki cikin kwali a kasuwa, sun ba shi sha'awa. Duk da kyau. Amma ku tuna da abin da kuka saba gani a garinku. Kaza ta fito da ƴaƴa goma, tana yawo da su bayan gida. Bayan wata ɗaya ku ƙidaya. Sau da yawa uku ne ko huɗu suka rage. Sai a ce haka kiwon kaji yake. Ba haka yake ba. Sanyi ne da ƙishirwa da yunwa da shirwa suka kwashe su, kuma yawancin wannan ɓarna cikin sati shida na farko take aukuwa. Wanda ya tsare ƴan tsakinsa cikin waɗannan kwanaki 42 ya gama babban aikin.

Tun daga kwanci

In kuna farawa ne, ku fara da kazar gida. Ta san zafin ƙasarmu, ta iya kwanci, ta iya reno. Ƴan tsakin kwali, irin na Turawa, ba su da uwa. Ku ne uwarsu dare da rana, kuma ba sa yin kyau sai da abincin kanti. Ku bar su sai hannunku ya faɗa.

Kaza tana kwanci kwana 21. Kada ku tara mata ƙwai fiye da yadda za ta iya rufewa: 8 zuwa 10 sun isa ƙaramar kaza, babba kuwa har 12. Ku zaɓi sababbi, waɗanda ba su wuce sati ɗaya ba, masu tsabta, marasa tsaga. Ku yi wa kowane ƙwai alama da gawayi, don in wata kaza ta zo ta ƙara nata ku gane shi ku ɗauke. A ƙarƙashin ciyawar da take kwance ku barbaɗa toka, saboda ƙuma da kwarkwata. Ƙuma na iya korar kaza daga kan ƙwai. Ruwa da hatsi su kasance kusa da ita.

Ran kwana goma, da dare, ku haska kowane ƙwai da tocila. Wanda ke da ɗa za ku ga duhu da jijiyoyi ja a ciki. Wanda haske ya ratsa shi fes, ba kome a ciki, ku fid da shi kafin ya zama baragurbi ya fashe a kan sauran.

In ƙwan zabi kuka sa mata, shi kwana 26 zuwa 28 yake yi. Kada ku haɗa shi da na kaza rana guda, don da zaran nata sun fito za ta tashi ta bar na zabi su huce.

Ɗaki kafin baƙo

Ku shirya wurin da za su zauna tun ba su fito ba. Ba sai kun kashe kuɗi ba. Babban kwando da aka kife ya isa, ko keji na kara da aka saƙa da kyau, faɗinsa kamu biyu ko uku. Ya kasance iska da haske na shiga, amma ɗan tsako ba ya iya fita ta ƙofofin saƙar, samansa kuma a rufe. Shirwa da shaho da hankaka ta sama suke zuwa. Da dare kuwa muzuru da gafiya da maciji ne, don haka da magariba a shigar da su ɗaki ko akurki mai ƙofa.

A ƙasa ku shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsa uku. In ya jiƙe ku kwashe, ku zuba sabo. Abin da kuka kwashe taki ne mai ƙarfi, ku kai lambu.

Uwar ta zauna tare da su cikin kejin. Wasu suna ganin zalunci ne a tsare kaza. To, ku dubi abin da take yi in an sake ta. Tun da asuba take fita, cikin raɓa ko cikin sanyin hunturu. Tana tafiya irin tafiyar manya, har bakin bola, har gona. Ɗan tsako mai kwana uku yana binta da gudu, ya gaji, ya jiƙe, ya tsaya yana kuka shi kaɗai. Wannan kukan ne shirwa ke jira.

Ɗumi

Ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa sai gashinsa ya fito sosai, wato wajen sati biyar zuwa shida. A satin farko yana bukatar zafi na digiri 33 zuwa 35, sa'an nan a rage kamar digiri uku kowane sati. Mai uwa yana samun wannan a ƙarƙashin fukafukanta. A watannin Disamba da Janairu, dare na yin sanyi ƙwarai daga Tawa har Damagaram. A lokacin ku rufe kejin da buhu ko tsohon zane, amma ku bar ƙofar iska ta sama.

Marasa uwa kuwa sai ku yi musu dabara. Ku sa su cikin kwali a ɗaki. Ku cika kwalba da ruwan zafi, ku naɗe ta da tsumma, ku aje a tsakiya, ku sake ruwan in ya huce. Ko ku zuba garwashi cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, ku rufe da kasko. Sai garwashin ya gama hayaƙi a waje kafin a shigo da shi, kuma kada a rufe ɗakin ruf, don iskar gawayi tana kashe tsuntsu, tana kashe mutum. Mai sa fitilar kananzir ya kafa ta yadda ba za ta faɗi kan ƙaiƙayi ba.

Ba kwa bukatar ma'aunin zafi. Ƴan tsakin za su gaya muku. In sun taru wuri guda, suna hawan juna, suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji, kuma na ƙasa na iya mutuwa da danniya. In sun guje wa wutar, sun buɗe baki, sun saki fukafukai, zafi ya yi yawa. In sun bazu, wasu na ci, wasu na barci, kun daidaita.

A watan Afrilu da Mayu kuma abin ya juya. Da rana zafi ne abokin gaba. Keji ya zauna a inuwa, ku riƙa jan shi yadda inuwar ke tafiya.

Ruwa kafin abinci

Ɗan tsako yana fitowa da sauran gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi kwana biyu. Saboda haka ranar farko ruwa ya fi bukata. Marasa uwa ku kama su ɗaya bayan ɗaya, ku tsoma bakin kowane cikin ruwa don ya gane. In daga kasuwa suka zo, sun sha hanya, ku narka sukari cokali ɗaya cikin litir guda na ruwa ku ba su a ranar.

Ku zuba ruwan a faranti marar zurfi, ku cika shi da tsakuwa. Za su sha tsakanin duwatsun ba tare da sun faɗa ciki ba. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana cin ɗan tsako, wanda ya jiƙe kuma sanyi ya gama da shi. A wanke farantin kullum safe. Ruwan da ku za ku iya sha shi za ku ba su, ba na wanke-wanke ba.

Abin da za su ci

Nan ne aka fi yin sake. A watsa musu tsakin hatsi, a ce an ciyar da su. Hatsi yana cika ciki, yana ba da ƙarfi, amma ba ya gina tsoka da gashi shi kaɗai. Jikin da ke girma yana son abinci irin su ƙwari da kifi da gyaɗa da wake.

Ga haɗin da za ku iya yi a gida. Ku ɗauki gwangwani guda ya zama ma'auninku. Hatsi ko masara ko farar dawa da aka ɓarza, gwangwani 5. Dusa, gwangwani 2. Tunkuza da aka shanya ta bushe aka daka, gwangwani 2. Garin busasshen kifi, ko da kawuna da ɓurɓushin da masu kifi ke saidawa da araha, gwangwani 1. Ku ƙara ɗan garin ganyen zogale da garin ƙashi da aka ƙona. Ku cuɗa sosai. In babu tunkuza, wake da aka soya aka daka yana taimakawa, amma ɗanyen wake ba ya yi musu kyau.

Ku lura da abu biyu. Ƙuli-ƙulin da aka yi don mutane yana da gishiri, gishiri mai yawa kuwa yana kashe ɗan tsako. Sa'an nan gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana da dafi mai lalata hanta. Abin da kuka ƙi ci don ya lalace, kada ku ce bari a ba kaji.

Gara kuma kyauta ce. Ku sami tsohuwar tukunya, ku cika ta da busasshen kashin shanu da karan dawa da tsumma, ku yayyafa ruwa. Da yamma ku kife ta a wurin da gara ke fitowa, ku yi mata inuwa. Bayan kwana ɗaya ko biyu, da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku ɗaga ta, za ku tarar gara ta cika ta. Ku kakkaɓe musu, ku sake cika tukunyar ku mai da. Wannan aiki ne da yara ke yi da murna. Ku guji zago mai babban kai ga ƙananan, yana cizonsu a maƙogwaro.

Ku ba su abinci kaɗan-kaɗan, sau huɗu a yini. Uwar tana cinye nasu, tana kuma watsar da shi da ƙafa. Sai ku kife ƙaramin kwando mai faɗin ƙofofi a kan abincin, yadda su za su shiga, ita ba ta iyawa. Ita a ba ta hatsinta dabam. Ƴan tsaki goma za su ci wajen tiya 5 na wannan haɗi cikin sati shida, ƙasa da haka in gara ta samu. Ku gwada kuɗin tiya 5 da kuɗin zakaru biyu a kasuwa gab da salla.

Ciwon da ke share gari

Kun san shi. Yakan zo da hunturu. Kaza ta yi sanyi, ta saki fukafukai kamar mai jan riga, tana zawo kore, tana numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. Cikin sati guda gari ya yi tsit, ba carar zakara. Likitocin dabbobi suna kiransa Niyukasal, sunan wani gari ne na Ingila inda aka gan shi a 1926.

Ba shi da magani. Kafson da ake saidawa a tebur ba ya kashe shi, barkono cikin ruwa ma haka. Rigakafi kawai ke tare shi. Akwai na allura, akwai kuma wanda ake ɗiga wa ɗigo ɗaya a ido, mai suna I-2. Shi na ido ana yi wa har ƴan tsaki, ana kuma maimaita shi kowane wata huɗu. Ku je wurin ma'aikacin kiwo na yankinku tun ƙarshen damina, ku tambaye shi wanda ke akwai da ranar da zai zo. Kwalba guda ta kaji da yawa ce, in an buɗe ta kuma ba ta jira. Don haka ku haɗa kai da maƙwabta a yi wa na unguwa duka rana guda. Masu lafiya ake yi wa. In ciwo ya riga ya shiga gida, lokaci ya wuce.

Sau da yawa da kuɗinmu muke sayo shi. In kuka ga kaji sun yi araha ƙwarai a kasuwa, ku yi tsammanin wani ne ke gudu da su daga garin da ciwo ya faɗa. Duk kazar da ta shigo gida, saye ko kyauta, ku ware ta sati biyu nesa da ƴan tsaki. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ta, kada a jefa a bola karnuka su ja ta gida-gida. In kaji na mutuwa da yawa farat ɗaya, ku sanar da ma'aikatar kiwo nan da nan, kada ku yanka, kada yara su taɓa. Yana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Magarya a 2006, ita kuwa tana kama mutum.

In kuka ga jini cikin kashin ƴan tsaki, wannan wani ciwo ne na hanji da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke haifarwa. Shi yana da magani wurin likitan dabbobi. Ku sake shimfiɗar a ranar, ku matsa da kejin zuwa busasshen wuri.

Ranar saki

Daga sati na huɗu kuna iya sakin uwar da rana. In kun ciyar da ita da kyau ba za ta daɗe ba ta koma ƙwai, abin da ba ta yi in tana yawon reno wata biyu ko uku. Su kuwa ƴaƴan, in sun cika sati shida, gashi ya rufe su, ku fara buɗe musu da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ku mai da su kafin la'asar. Ku ci gaba da ba su abinci cikin kejin da yamma, don su saba dawowa da kansu.

Tun da kun iya rubutu, ku ware shafi ɗaya a littafinku ga kowace kaza. Ku rubuta ranar da ta hau ƙwai da yawansu. Ku ƙidaya kwana 21 gaba, ku rubuta ranar da za su fito, don keji da abinci su kasance a shirye. Ku rubuta nawa suka fito, nawa suka kai sati shida, da ranar rigakafi, da ranar da za a maimaita. Ran da ma'aikacin kiwo ya zo garinku, ku tafi da littafin.