Zikiri Da Neman Kusanci Ga Allah: Tafarkin Sufaye A Gombe

A kowace Juma'a bayan sallar La'asar, mabiya ɗariƙar Tijjaniyya a unguwannin birnin Gombe kan taru a zawiyoyi da ƙofofin gidajen malamai, su yi ta hailala har faɗuwar rana. Mai wucewa sauti kawai yake ji, amma a wajen masu zaman, wannan mataki ne a doguwar tafiya da suke kira suluki, wato neman isa ga sanin Allah.

Sufanci ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Modibbo Bubayero, wanda ya kafa masarautar Gombe, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, shi kuwa Shehu Baƙadire ne. Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani ya assasa kafin rasuwarsa a birnin Fas a 1815, ta ƙara ƙarfi ne bayan bayyanar Failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a Senegal a 1929. Ɗaya daga cikin manyan jagororin da ta yi a Najeriya, marigayi Shehu Ɗahiru Usman Bauchi, haifaffen Nafaɗa ne a jihar Gombe.

Tafiyar tana farawa da lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100 da hailala 100, safe da yamma. Sai wazifa, wadda ake yi cikin jama'a an kewaye farin ƙyalle. Tsarin yana da ma'ana a wajensu: istigfari wanki ne, salati ado ne, hailala kuwa ita ke kawar da duk wani abin dogaro da ba Allah ba. Wanda ya nemi ƙari sai ya shiga tarbiyya a hannun shehi, har ya kai ga fana'i, inda bawa ke mance kansa cikin ambaton Ubangiji. Ba nan ake tsayawa ba. Dole ya dawo ga baƙa'i, ya koma kasuwarsa da iyalinsa, yana riƙe da shari'a.

A kan wannan gaɓa ce ake ja-in-ja. Malaman ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 kuma take da ɗimbin mabiya a Gombe, suna ganin waɗannan wuridai bidi'a ne, suna kuma fargabar kalaman fana'i su kai jahili ga ɗaukar kansa ɗaya da Mahalicci. Malaman ɗariƙa na amsa cewa bawa bawa ne har abada, abin da ke gushewa son zuciya ne kawai.

Akwai makamanciyar wannan tafiya a addinin Sikh na yankin Punjab, wanda Guru Nanak, haifaffen 1469, ya kafa. Su ma suna ganin girman kai shi ne shamaki tsakanin mutum da Mahalicci, maganinsa kuwa yawan ambaton sunan Ubangiji, cin gumin kai da ciyar da mabuƙata. Littafinsu mai tsarki ma ya ƙunshi baitocin Baba Farid, wani sufi Musulmi na ƙarni na 13. Sai dai an rabu a tushe: mabiya Sikh sun yi imani cewa rai na ta sake haihuwa har sai ya narke cikin Mahalicci, aƙidar da malaman ɗariƙa da na Izala a Gombe suka haɗu wajen ƙin ta.